Rigimar Fili a Gaban Alƙali: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Yawancin cinikin filaye a garuruwanmu yana faruwa ne a kan takarda guda da aka yago daga littafin rubutu: ni wane na sayar wa wane filina mai ƙafa 50 da 75. Mai saye ya sa hannu, mai sayarwa ya dangwala, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha a watse. Ba a rubuta waɗanda suka yi iyaka da filin gabas da yamma, kudu da arewa ba. Ba a kuma rubuta inda mai sayarwar ya samo shi ba. Ranar da wani ya zo ya sauke yashi da bulo a wurin, waɗannan abubuwa biyu da aka tsallake su ne farkon abin da alƙali zai tambaya.

Tun daga ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Abin da ɗan ƙasa yake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ke ba da wannan haƙƙi, a karkara kuma ƙaramar hukuma na iya ba da irin na gargajiya. Ga mutanen Arewa abin ba baƙo ba ne, domin dokar ta ɗauko tsarinta daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita ma ta gaji ta Turawa ta 1910. Wanda yake da gida ko gona tun kafin 1978 bai rasa haƙƙinsa ba, ko da ba shi da takardar gwamnati. Doka ta ɗauke shi tamkar wanda aka riga aka bai wa.

A kotu, nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙara. Idan hujjarsa ta gaza, raunin hujjar abokin shari'arsa ba zai cece shi ba. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta fayyace hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin gado, takardu ingantattu, ayyukan mallaka kamar bayar da haya ko noma tsawon lokaci, daɗewa a kan wurin, da mallakar filin da ke manne da shi. Ɗaya ta isa, in dai ta tsaya da ƙafarta. Sai dai tarihin gado ya fi ba mutane wuya fiye da yadda suke zato. Cewa "gonar kakanmu ce" ba ta wadatar. Ana so a faɗi wanda ya fara sare dajin, da yadda gonar ta gangaro daga hannu zuwa hannu har ta iso gare ka, ba tare da giɓi ba. Ana kuma so a nuna wurin sarai. Kotu ba ta ba mutum filin da bai iya faɗar iyakarsa ba, shi ya sa taswirar safiyo ke da daraja, shi ya sa kuma alƙali kan taka har wurin ya gani da idonsa.

Mutane da yawa sun ɗauka takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ita ce ƙarshen magana. Ba haka ba ne. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar ba ta halatta wa mutum filin da wani ke da sahihin haƙƙi a kansa tun da farko. Idan tushen ruɓaɓɓe ne, kotu na iya soke ta. Saboda haka bincike a ma'aikatar ƙasa, ko a ofisoshi irin KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana bakin maƙwabta da dattawan unguwa, musamman idan filin awon igiya ne, ko na gado wanda ba a raba ba. Magaji ɗaya ba shi da ikon sayar da rabon 'yan uwansa. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne yadda ake sayar da gonar gado ba da sanin mata da marayu ba, alhali su ne suka fi ƙarancin halin ɗaukar lauya. Wanda ya san da irin wannan tangarɗa kuma ya biya kuɗi, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma amincewar gwamna. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana sayarwa ko jinginar da filin da ke ƙarƙashin ikon gwamna ba tare da yardarsa ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. A 1989 bankin Savannah ya kasa sayar da kadarar da wani mai suna Ajilo ya jinginar masa saboda wannan dalili.

Sai maganar hurumi, inda shekarun mutane ke salwanta a banza. Filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa, Babbar Kotun jiha ce kaɗai ke sauraron rigimarsa a matakin farko. Na gargajiya ana iya kai shi kotun yanki ko makamanciyarta, kuma tun shari'ar Adisa da Oyinwola ta 2000 an tabbatar Babbar Kotu ma tana da hurumi a kansa. Tarkon yana wajen ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Idan rigimar ta tsurar mallaka ce, wane ya ce ya saya wane ya ce nasa ne, ba hurumin wannan kotu ba ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Sai mutum ya yi nasara a kotu biyu, a je sama a rushe komai, a ce a koma farko. Daga nan za ka ji ana cewa shari'a saɓanin hankali, alhali tambaya ɗaya ga lauya tun da wuri da ta hana wannan asara.

Lokaci ma yana cinye haƙƙi. Dokokin jihohi sun ƙayyade wa'adin shigar da ƙarar fili, wasu shekara 10, wasu 12. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda yana gari, da hankalinsa, yana kallon bare na noma ko gini a wurinsa har shekara 10 bai ce uffan ba, ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, domin an san 'yan uwa na yi wa juna kara. Hauzi ba ya aiki idan aro ne, ko haya, ko jingina, amma sai mai wurin ya tabbatar da hakan. Gonar da aka ara wa maƙwabci da fatar baki, shaidu kuma suka rasu, tana da wuyar dawowa.

Idan gwamnati ce ta karɓi wurin fa? Tana da wannan iko a sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa, amma da sharuɗɗa. Dole ya zama don amfanin jama'a, kamar hanya, makaranta ko asibiti. Dole a miƙa wa mai wurin sanarwa a rubuce yadda doka ta tsara, kuma Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Osho ta 1991 cewa sokewar da ba ta bi ƙa'ida ba ba ta da tasiri. Tun 1974, a shari'ar Ereku, ta rushe karɓar filin da aka yi a yankin Warri aka miƙa wa kamfani mai zaman kansa. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya wajabta biyan diyya cikin gaggawa, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu a kan adadinta.

Sai dai diyyar da Dokar Amfani da Ƙasa ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. A ganina wannan rashin adalci ne ga manomi, wanda za a ƙirga masa mangwaro da ɗorawa, a bar gonar da take ciyar da gidansa kowace damina. Tunda haka dokar take, ranar da jami'an ƙiyasi suka zo mai wuri ya kasance yana nan, a ƙirga komai a gabansa, ya ɗauki hotuna, ya karɓi kwafin abin da aka rubuta kafin buldoza ta shigo.

Muddin magana tana gaban kotu, babu mai ikon ɗaukar doka a hannunsa, har gwamnati. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin sojan Legas saboda fitar da Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali ana cikin shari'a. Wanda yake fargabar a yi gini ko a sayar da wurin, ya nemi umarnin dakatarwa daga alƙali, kada ya tara matasa. Wanda kuma hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu bai yi masa ba, yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara, amma kwana 14 kacal idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne.