Jarba: Tsibirin da Ya Rayu Ba Tare da Kogi Ba

A kudu maso gabashin ƙasar Tunisiya, cikin tekun Bahar Rum, akwai wani tsibiri mai suna Jarba, wanda ya fi kowane tsibiri na Arewacin Afirka girma. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 514. Matafiyi kan isa can ta jirgin sama, ko ta jirgin fito daga Jorf zuwa Ajim, ko kuwa ta hanyar Alkantara mai tsawon kilomita 7, wadda aka aza harsashinta cikin teku tun zamanin Rumawa.

Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, domin tudu mafi tsawo bai kai mita 60 ba. Duk inda mutum ya duba, itatuwan dabino da zaitun ne, da fararen gidaje masu ƙubba. Lokacin sanyi ba ya tsanani, zafin watannin Yuli da Agusta kuwa iskar teku na rage kaifinsa. Wannan yanayi da farin rairayin gaɓa su ne ke jawo baƙi daga Faransa da Jamus.

Sai dai abin da baƙo ba ya saurin lura da shi shi ne, babu kogi ko ɗaya a tsibirin. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai wuce milimita 200 da ɗoriya ba, wato ƙasa da rabin abin da birnin Yamai ke samu, kuma galibin rijiyoyin ruwansu na da zartsi. To, yaya mutane suka zauna nan shekaru dubbai?

Amsar tana cikin ginin gidajensu. Kowane iyali kan zauna a tsakiyar gonarsa, a shafe rufin gida da tsakar gida da farar ƙasa, ta yadda duk ɗigon da ya faɗo zai gangara zuwa wata matattara da aka gina a ƙarƙashin ƙasa. Masallatai ma haka suke, da matattarar ruwa a harabarsu. Ɗaruruwan masallatai ne a tsibirin, da yawansu mabiya mazhabar Ibadiyya suka gina. Wasu, kamar masallacin Fadlun, bangonsu na da kauri kamar ganuwa, saboda nan jama'a ke fakewa idan mahara sun zo. Na bakin gaɓa kuwa sun zama wurin tsaro, inda ake hango jiragen abokan gaba. Akwai kuma tsohon wurin ibadar Yahudawa na Algariba, da garin Gallala da ya shahara wajen ginin tukwane. Wannan tsarin zama ne ya sa hukumar UNESCO ta shigar da Jarba cikin kayan tarihi na duniya a shekarar 2023.

Tun daga shekarun 1960 da aka fara gina manyan otal-otal, buƙatar ruwa ta ƙaru ƙwarai. An jawo ruwa ta bututu daga babban yankin ƙasar, aka kuma buɗe masana'antar tace ruwan teku a 2018. Da famfo ya shiga gidaje, sai aka yi watsi da tsofaffin matattarai masu yawa.

Saboda haka, wanda Allah ya nufa da ziyarar Jarba, kada ya tsaya bakin teku kaɗai. Ya shiga ƙauyuka, ya nemi a nuna masa matattarar ruwa, idan kuma ya koma masauki ya riƙa tattalin ruwan da ya tarar.