Lemar kwaɗin da ba ta buɗewa

Yau hamada za mu shiga.

Kowa ya san lemar kwaɗi: ruwa ya sauka, ta fito a gindin bishiya, ta buɗe, kwana biyu ta ruɓe. To akwai wata 'yar'uwarta da masana ke kira Podaxis, wadda ita ko kusa ba ta buɗe lemarta. Tana tsirowa a busassun wurare na Afirka, Asiya, Ostireliya da Amurka. Fara ce, tsawonta kan kai santimita 15, kanta a dunƙule kamar kan taɓarya. Masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta bayaninta tun 1771, kuma sunan da ya ba ta na nufin taɓarya ɗin.

Me ya sa ba ta buɗewa? Ai nan dabarar take. Lemar kwaɗin da muka saba gani, sai da danshi take iya feso ƙwayoyin irinta daga ƙarƙashin lemar. A hamada kuwa, ka buɗe, rana ta soye ka. Sai ita Podaxis ta rufe irin nata a ciki har ya nuna, ya koma baƙin gari kamar bunu. Jikinta ya bushe ƙayau, ɓawon ya tsage, iska ta riƙa kwasar garin kaɗan-kaɗan. Kowace ƙwaya kuma tana da kauri, ta iya zaman jiran ruwan sama na dogon lokaci.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a kudancin Afirka da Ostireliya wasu nau'o'inta a kan suri suke fitowa, na garar da ke tara ciyawa.

Mutane ma ba su bar ta ba. A Rajastan ta Indiya da wasu sassan Pakistan ana cinta tun tana ɗanya, cikinta fari fat. 'Yan asalin Ostireliya kuwa baƙin garin suke shafawa a jiki don ado, dattawa har furfurar gemu suke rinawa da shi.

Amma don Allah, kar wani ya ji wannan ya tafi daji ya tsinko abin da ya yi kama da ita ya jefa a tukunya. Cikin dangin lemar kwaɗi akwai masu dafin da ke lalata hanta, kuma suna ƙanana kamanninsu kan rikita har wanda ya san su.

Wanda ya taɓa ganinta a garinsu, ya faɗa mana sunan da kuke kiranta. Sai mun haɗu a shiri na gaba.