KYANWA DA KARE DA MAI AIKI A GIDA

Maganar kimiyya ta wannan mako a kan wata 'yar matsala ce wadda ta yi kama da abin dariya, amma ta dami mutane da yawa a Turai da Amurka, har da Hausawan da ke zaune can. Ran 23 ga watan Maris na 2020 gwamnatin Ingila ta umurci jama'a su zauna gida saboda annobar korona. Cikin watan Afrilu na wannan shekara ofishin ƙididdiga na ƙasar ya ga kusan kashi 47 cikin 100 na ma'aikata sun yi aikinsu daga gida, ko duka ko wani sashe. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna, har yanzu akwai akawuna da masu fassara da masu zanen gini waɗanda ofishinsu shi ne teburin cin abinci. A gidan nan kuwa akwai wani wanda dā ya saba wuni shi kaɗai, yanzu ga maigida a gabansa tun safe har yamma, watau kyanwa ko kare.

A wurin Bahaushe kare na farauta ne da gadi, wurinsa waje. Kyanwa ce mai shiga ɗaka, telan da ke ɗinki a gidansa cikin zangon Kumasi kuwa ba ya bukatar a ba shi labarin yadda ta kan zaɓi ƙyallen da ya ke yanka ta kwanta a kai. Turawa su kan zauna da kare da kyanwa duka biyu cikin ɗaki guda, saboda haka tasu wahalar ninki ce. Mutum ya zauna zai fara rubutu, sai kyanwa ta hau bisa madannan kwamfuta ta miƙe. Ya shiga taro ta bidiyo da shugabansa, sai kare ya sa hanci ya ture masa gwiwar hannu, ko ya kama haushi. Hasarar ba ta tsaya ga minti ɗayan da aka yi ana korar dabba ba. Wata shaihiyar malama mai suna Gloria Mark, ta Jami'ar Kalifoniya, ta bi ma'aikatan ofis tana ƙidaya lokacinsu, ta ga in an katse wa mutum aiki ya kan yi fiye da minti 20 kafin ya komo kansa. Wanda aka katse sau shida a wuni, sai ya yi lissafi da kansa.

To, me ya sa dabbar ta ke yin haka? Amsar kashi biyu ce. Akwai abin da ta gada, akwai kuma abin da maigida ya koya mata da hannunsa bai sani ba, na biyun nan kuwa shi ya fi nauyi.

Kakan kyanwar gida muzurun daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma a tsibirin Kubrus an tono kabarin mutum da aka binne tare da kyanwa wajen shekara 9,500 da suka wuce. Cikin wannan doguwar zama ta sami wani harshe na musamman domin mutane. Manyan kyanwoyi ba safai su kan yi wa juna kukan nan na miyau ba, kuka ne na 'yan ƙanana zuwa ga uwa, amma ta riƙe shi har girmanta don ta yi wa ɗan Adam. A 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta ɗauki gurnanin kyanwoyi 10, wani sa'ad da su ke kwance lafiya, wani sa'ad da su ke roƙon abinci. Gurnanin kwanciyar hankali murya ce ta can ƙasa. Amma cikin na roƙo sai aka ji wata siririyar murya ɓoye, mai kaɗawa wajen sau 380 a cikin daƙiƙa guda, kusa da inda kukan jariri ya ke. Da aka kunna wa mutum 50, har waɗanda ba su taɓa ajiye kyanwa ba suka ce wannan ya fi tsananin gaggawa, ya fi rashin daɗin ji. Ashe mai aikin da ya kasa jure kukan kyanwarsa ba rago ba ne, kunnensa ne aka halitta don kada ya ƙyale irin wannan murya.

Shi kare makaminsa ido ne. A 2015 masana a Jami'ar Azabu ta Japan suka auna fitsarin karnuka da na masu su, kafin su zauna tare rabin sa'a da kuma bayan sun tashi. Inda kare ya daɗe yana duban maigidansa cikin ido, wani sinadari mai suna oksitosin ya ƙaru a jikin dukansu biyu. Sinadarin nan shi ne mai aiki tsakanin uwa da jaririnta. Kyarketan da mutane suka rena tun suna ƙanana ba su yi wannan kallo ba. Bayan shekara biyu, watau a 2017, Juliane Kaminski ta Jami'ar Portsmouth ta gwada karnuka 24, ta ga motsin fuskarsu ya kan yawaita in mutum ya fuskance su, ya ragu in ya juya baya, ko da akwai abinci a hannunsa ko babu. Watau kare ya san inda hankalin mutum ya ke, ya kuma san sa'ad da allon kwamfuta ya ƙwace shi.

Hawan kwamfuta kuwa dalilinsa ba shi da zurfi. Zafin jikin kyanwa tsakanin digiri 38 da 39 ya ke, kuma ba ta jin daɗi sosai sai wuri ya kai digiri 30 ko fiye, alhali ɗakin Bature da ƙyar ya ke wuce 20. Kwamfuta tana fid da ɗumi, tana da ƙanshin hannun maigida, kuma nan ne idonsa ya ke.

Wannan duk gado ne, ba a iya sāke shi. Amma gado bai isa ya bayyana dalilin da wata kyanwa ta ke roƙo sau ɗaya ta haƙura, wata kuwa ta yi ta yi har sai an tashi ba. Nan sai a koma ga wani tsohon gwaji. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, ya ƙera akwati mai ƙofa wadda ba ta buɗuwa sai an ja wata igiya ko an taka wani katako. Ya sa kyanwa mai jin yunwa ciki, ya ajiye abinci a waje inda ta ke gani. Da fari sai ta yi ta yaƙushi da cizo da tura kai ko'ina, har ta taɓa igiyar bisa kuskure, ƙofa ta buɗe. Aka mai da ita. Sannu sannu yaƙushin banza ya ragu, har ya zama da an rufe ta sai ta nufi igiya kai tsaye. Thorndike ya fid da ƙa'ida daga nan: duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta sāke yinsa, wanda bai kawo kome ba kuwa za ta bari. Ɗakin aiki na gida akwatin Thorndike ne sosai, sai dai igiyar ita ce maigida.

B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya ƙara abin da ya fi wannan muhimmanci, cikin gwaje-gwajen da shi da Charles Ferster suka buga a 1957. Sun koya wa tantabaru su tsattsagi wani faifai don su sami hatsi. Tantabarar da ta saba samun hatsi kowane tsaga, in an tsai da hatsin ba ta daɗewa sai ta daina, gama ta gane nan da nan abin ya ƙare. Amma wadda ba ta san ranar samu ba, wani lokaci tsaga uku, wani lokaci hamsin, wannan ta kan yi ta tsaga ɗaruruwa har dubbai ba hatsi ko ƙwaya, ba ta fid da rai. Halin ɗan caca ke nan, wanda cin jiya ya ke hana shi tashi yau.

Sai mai saurare ya dubi abin da mai aiki a gida ya kan yi. Kare ya taɓa shi, ya ƙyale. Ya sāke taɓawa, ya ƙyale, yana ganin ya yi ƙarfin hali. A karo na goma haƙurinsa ya ƙare, ya miƙa hannu ya shafa kansa don ya sami lafiya. A ganinsa ya ƙi sau tara ya yarda sau ɗaya. Abin da kare ya koya dabam ne: cewa taɓawa goma ce kuɗin shafa. Gobe zai yi goma sha biyar ba gajiya. Da maigida ya nufi ya horar da dabba mai naci da gangan, da ba zai sami hanyar da ta fi wannan ba. Tsawa ma ba ta fid da shi, domin ga dabbar da ta wuni ba wanda ya dube ta, a juyo a kira sunanta da faɗa ya fi a yi shiru. Kyanwar da ta ture kofi daga tebur ta ga maigida ya zabura ya miƙe, ita kam ta ja igiya ƙofa ta buɗe. Lokacin taro kuwa abin ya fi muni, gama sa'an nan ne maigida ya fi saurin biya: da jin haushi sai ya jefa ɗan biskit don kada abokan aiki su ji. Ba a daɗe ba kare zai gane muryar taro ita ce ƙararrawar biskit.

Maganin yana cikin ƙa'idar nan, amma da sharaɗi guda wanda ba a tsallakewa. Tilas a fara biya wa dabba bukatarta ta gaskiya. Karen da ba a fita da shi ba tun jiya, hakkinsa ya ke nema, ƙyale shi kuwa zalunci ne. A fita da shi yawo kafin a zauna aiki, a bar shi ya shinshina ƙasa yadda ya ke so. Kyanwa maharbiya ce mai tashi da asuba da magariba, wadda a daji ta kan ci ƙananan abubuwa sau da yawa a wuni. A ɗaura gashin tsuntsu a zare a ja mata na 'yan mintoci ta bi ta kama, sa'an nan a ba ta abinci, daga nan ta kan yi wanka da harshe ta kwanta, barcinta kuwa ya kan kai sa'a 12 zuwa 16 a kwana guda. A ajiye mata kwali da tsumma mai ɗumi a gefen tebur, inda za ta ga maigida ba sai ta hau aikinsa ba.

In an yi wannan, sai a daina biyan naci ɗungum, ba kallo, ba magana, ba turewa da hannu. Amma fa a sani, abin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Dabbar da igiyarta ta daina aiki ta kan ƙara ja da ƙarfi kwana biyu ko uku, kamar mutumin da ya danna ƙararrawar ƙofa ba a amsa ba ya koma bugu da hannu. Mafi yawan mutane a nan su ke faɗuwa, wanda ya sallama a wannan gaɓa kuwa ya koya wa dabbarsa ƙarin ƙarfi. Mutanen gida duka sai su haɗa baki, domin yaro ɗaya mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako guda. Sa'an nan sai abin da ya fi duka wuya, watau a lura da dabba sa'ad da ta yi shiru. Karen da ya kwanta lafiya a tabarmarsa ba mai tunawa da shi, alhali a lokacin ne ya kamata a tashi a shafa shi, a ba shi ɗan abin taunawa.

Masu ajiye aku sun fi kowa sanin wannan ƙa'ida. Akun nan mai toka-toka da jan wutsiya, na kurmin Ghana da Kamaru, ya kan kwaikwayi ƙarar wayar maigida ƙwarai, don ya lura ita ce ƙarar da ke sa mutum ya taso da gudu. In ya rasa abokin hira kuma ya kan koma fizgar gashin jikinsa.

Akwai nacin da ba na koyo ba ne. Tsohuwar kyanwa wadda ta fara yawan kuka da ci ba ƙoshi, tana kuwa ramewa, sau da yawa ciwon wata ƙaba ce ta maƙogwaro mai fid da sinadari fiye da kima. Karen da dā ba ya manne wa mutum, kwatsam ya fara, yana iya zama ciwo ne ke cinsa. Irin waɗannan likitan dabbobi su ke bukata tun da wuri.

Saura ranar da za a kira maigida ya koma ofis, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa tun daga 2022. A 2019 Kristyn Vitale ta Jami'ar Jihar Oregon ta yi wa kyanwoyi gwajin da a kan yi wa jarirai: a bar su minti biyu su kaɗai cikin baƙon ɗaki, sa'an nan mai su ya komo. Wajen kashi 65 cikin 100 suka natsu da ganinsa suka ci gaba da duba ɗaki, sauran kuwa ko suka manne masa ko suka guje shi. Watau kyanwar da a ke zargi da rashin kula tana jin tafiyar mutum, balle kare. Wanda ya tashi bai taɓa wuni shi kaɗai ba, ranar da aka rufe masa ƙofa ya kan yi ta haushi, ya ciji ƙofa, ya yi fitsari a ɗaka, maƙwabta su kai ƙara, wani lokaci har a rabu da shi. Saboda haka masu horon dabbobi su kan ce mai aiki a gida ya riƙa rufe ƙofar ɗakinsa wani sashe na wuni tun yana nan, ya riƙa fita minti biyar, sa'an nan goma, sa'an nan rabin sa'a, ba ban kwana mai tsawo, ba murna mai yawa in ya komo. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Ingila, wadda aka kafa tun 1824, shawararta ita ce ko babban kare da ya saba kada a bar shi shi kaɗai fiye da sa'a huɗu a jere.