Tsohuwar Bindiga da Sabon Harsashi: Abin da Ke Faruwa a Cikin Bututu

A Ingila da Amurka akwai mutanen da suka gāji bindigogin harbin tsuntsaye masu baki biyu daga kakanninsu, wasu an ƙera su tun kafin shekarar 1900, kuma har yau suna fita farauta da su. Matsalarsu ɗaya ce: yawancin harsasan da ke kantuna an yi su ne don bindigogin zamani. Saboda haka wasunsu kan haɗa nasu harsashin da hannu, bisa izinin dokar ƙasashensu. (A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum yin wannan a gidansa.) Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan aiki shi ne darasin kimiyyar da ke cikinsa, domin duk damuwar mai haɗa harsashi ta taru ne a kan abu guda da ba ya iya gani, wato matsin iskar da ke tasowa a mazaunin harsashi.

Bari mu fara da harsashin kansa. Kwanso ne na takarda ko na roba mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan ƙyastu wanda ke ba da tartsatsi idan an ja kunama. A samansa albarushi, sai matoshi, sai ƙwayoyin dalma, sannan a naɗe bakin kwanson. Da albarushin ya kama, sai ya rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi a cikin ɗan wuri ƙanƙane. Ɗalibin kimiyya ya san cewa idan iska ta yi yawa, ta yi zafi, ga kuma wuri ya yi mata kaɗan, matsinta zai hau.

To, yaya girman wannan matsi yake? Iskar da ke kewaye da mu tana danna mu da kimanin ba 1, tayar ƙaramar mota kuwa tana ɗauke da ba 2 da ɗan wani abu. Hukumar CIP, wadda ta samo asali daga wata yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1914, ta ƙayyade ba 740 ga harsashin yau da kullum na bindiga mai lamba 12. Faɗin ramin bututun wannan bindiga kimanin milimita 18.5 ne. Malami na iya ba ɗalibansa su lissafa: idan aka ninka matsin da faɗin filin da yake dannawa, za a sami ƙarfin da ya kai nauyin tan 2. Duk wannan yana kai ƙololuwarsa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, tun ƙwayoyin ba su yi nisa da mazauninsu ba. Shi ya sa gindin bututu ya fi bakinsa kauri.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a ɗauke shi tamkar tsere. A gefe guda albarushi yana ta haifar da iska, a ɗaya gefen kuma ƙwayoyi suna matsawa gaba suna buɗe mata wuri. Duk abin da ya ƙara wa wutar sauri, ko ya jinkirta tafiyar ƙwayoyin, zai ɗaga matsi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne albarushin zamani yana daɗa saurin ci idan matsi ya ƙaru, ke nan matsi na haifar da ƙarin matsi.

Da wannan mizani mai karatu zai iya auna kowane ɓangare da kansa. Albarushi mai ƙananan ƙwayoyi ya fi saurin ci, kamar yadda ƙirare ke riga gungume cinyewa a murhu. Ƙwayoyin dalma masu nauyi sun fi wuyar turawa, don haka iska takan taru a bayansu. Ɗan ƙyastu mai zafin tartsatsi yana kunna albarushi da yawa lokaci guda. Kwanson da cikinsa ya fi ƙunci, da matoshin roba wanda ke toshe hanya ƙam fiye da matoshin ulu na dā, da naɗin baki mai tauri, kowannensu na da nasa tasirin. Har zafin rana yana shiga lissafi, domin harsashin da ya wuni a cikin mota ba daidai yake da wanda ya kwana a sanyi ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu wannan aiki ke bin ƙa'idar da aka gwada a ɗakin bincike ba tare da musanya ko da abu ɗaya ba.

Yanzu sai mu koma ga ita tsohuwar bindigar. An ƙera da yawa daga cikinsu ne a zamanin baƙin albarushi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa yakan saura a matsayin toka da hayaƙi. A 1884 wani masani ɗan Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa ke zama iska, ƙarfinsa kuma ya kai kimanin ninki uku na tsohon idan nauyinsu ɗaya. Wanda ya ɗebi sabon da mudun tsohon ya sayi hatsari da kuɗinsa.

Ga kuma batun bututun da ake kira Damaskas. Maƙera kan murɗe siraran sandunan ƙarfe iri biyu, su naɗe su a jikin wata sanda, su yi ta dukansu da zafi har su haɗe. Aikin yana da kyan gani, amma bututun cike yake da mahaɗai. Tokar baƙin albarushi tana jawo laima, kuma cikin shekaru ɗari tsatsa na iya bin waɗannan mahaɗai ta ciki, waje kuwa yana ƙyalli. A ganina ana wuce gona da iri idan aka ce duk bututun Damaskas matacce ne, domin akwai waɗanda aka sake gwadawa da albarushin zamani suka kuma tsallake. Abin da ba shi da tabbas shi ne halin da wannan bututun na hannunka yake ciki yau.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Mazaunin harsashi na tsofaffin bindigogin Ingila yawanci milimita 65 ne, harsashin zamani kuwa 70. Tsawon da ake rubutawa shi ne na kwanso bayan ya buɗe, saboda haka harsashin 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau tun yana naɗe. Sai an harba ne bakinsa zai miƙe ya shiga inda ramin ya fara tsukewa, ya rage wa ƙwayoyin hanya. Haka kuma ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda suka yaɗu bayan Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, ba sa lotsawa kamar dalma, suna iya kumbura siririn tsohon bututu.

Mai karatu na iya cewa, ai maharbi zai ji a kafaɗarsa idan harsashi ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa ya dogara ne ga nauyin abin da ya fita da kuma saurinsa, kamar yadda dokar Newton ta uku ta nuna. Harsasai biyu na iya fitar da ƙwayoyi masu nauyi ɗaya da sauri ɗaya, kafaɗa ta ji su kusan daidai, alhali ɗaya ya kai wannan saurin da turi mai tsawo a hankali, ɗayan kuma da bugu guda mai tsanani. Maharbinmu na karkara da ke ɗura bindigar toka da kintace yana ƙarƙashin wannan doka shi ma.

Tun da ido da kafaɗa sun gaza, sai aka koma ga awo. Masu binciken dā sukan huda bututun gwaji su sa ɗan curin dalma a bayan wata 'yar sanda. Gwargwadon yadda curin ya lotse, gwargwadon matsin. Yau ana amfani da wani dutse mai kama da gilashi wanda ke fitar da lantarki idan an matsa shi, halin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a 1880, kwamfuta kuma ta zana hawa da saukar matsin.

Ita bindigar ma ana gwada ta. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami izinin sarki a 1637, aka kuma kafa gidan gwaji na Bamingam a 1813, kuma duka biyun suna aiki har yanzu. Akan ɗura bindiga da harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum, a harba ta a killataccen ɗaki, sannan a duba ko ta tsage ko ta kumbura. Wadda ta tsira sai a buga mata hatimi a ƙasan bututu, kusa da gindi. Hatimin yana shaidar ƙarfinta ne a ranar da aka buga shi, don haka idan aka kankare cikin bututun don cire tsatsa har ramin ya faɗaɗa fiye da ƙa'ida, dokar Birtaniya ta hana sayar da bindigar sai an mayar da ita gidan gwaji.