Amfanin Ƙungiyar Marubuta

'Yan'uwana ɗalibai, na lura da yawa daga cikinmu a wannan kwaleji muna rubuta labari ko waƙa, amma da mun gama sai mu kulle a akwati don tsoron dariya. Ina so in nuna mana cewa rubutu aikin gayya ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amfani na fari shi ne gyara. Mai rubutu ba ya ganin kuskurensa, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai ta ofishin fassara na Zariya, a hannun Dokta Rupert East. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kafin a buga littattafan gasar sai da aka bi su aka gyara. To, in irin waɗannan manya sun yarda a duba aikinsu, ina ga mu 'yan koyo?

Na biyu shi ne samun hanyar bugawa. A 1961 waɗansu marubuta da masu zane suka kafa ƙungiyar Mbari a Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo. Ƙungiyar da kanta ta riƙa buga ayyukan 'ya'yanta, ita ce ta fitar da littafin waƙoƙin Okigbo a 1962. Ba su zauna jiran kamfanonin Ingila ba.

Na uku shi ne talla. Wajen 1990 marubutan Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suka haɗa kai cikin ƙungiyar Raina Kama. Da kuɗinsu su ke buga littattafai, kuma a cikin littafin ɗaya akan jera sunayen littattafan sauran. Watau wanda ya sayi ɗaya ya ji labarin saura ke nan.

Yanzu abin ya yi sauƙi, don da wayar hannu marubucin Jos ya kan aika wa na Zinder labarinsa nan take. Amma waya ba ta koya wa mutum ladabi. Sabo da haka ga sharuɗɗa uku da na ke ganin kowace ƙungiya ta riƙe. Mai gyara ya fara faɗin abin da ya yi kyau, sa'an nan ya nuna ainihin wurin da ke da aibi. Mai rubutu ya saurara har a gama, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kada kuma kowa ya yaɗa aikin ɗan'uwansa sai da izininsa.

Mu da za mu zama malamai abin ya fi shafa. Yaran da za mu koyar suna bukatar abin karantawa cikin Hausa da sauran harsunanmu, waɗansu harsunan kuwa littattafansu ba su taka kara sun karya ba. In ba mu rubuta ba, wa zai rubuta? Mutum biyar sun isa a fara. Mu zaɓi yamma ɗaya a mako, kowa ya buɗe akwatinsa ya zo da shafi biyu. Allah ya taimake mu.