Arhar da ba ta zama wuri ɗaya: masu ritaya a ƙasashen wasu

Ranar 4 ga Yulin 2025 matasa suka cika titunan unguwannin Roma da Condesa a birnin Meziko suna zanga-zanga, har aka farfasa gilasan wasu shaguna. Kukansu shi ne baƙi masu dala sun sa haya ta gagari ɗan gari. Galibin waɗanda ake nufi masu aiki ta intanet ne, amma saƙon bai tsallake dattawan Amurka da suka tare da fanshonsu a garuruwan Ajijic da San Miguel de Allende na ƙasar ba. Duk da haka kowace shekara sai mujallu sun fitar da jerin ƙasashen da suka fi araha ga mai ritaya, da hoton teku da farashin kofi. A ganina jerin nan ɓatar da mutane yake yi. Farashin bana yake aunawa, alhali mai shekara 65 lissafin shekara ashirin ne a gabansa.

Abin da ke tayar da su daga gida ba ɓoyayye ba ne. Fanshon da ba ya biyan hayar ɗaki a Landan ko Kalifoniya yana kama gida har da mai aiki a Chiang Mai ta Tailan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne araha kanta take ci. Gari ya yi suna, baƙi su yi tururuwa, masu gidaje su ga kasuwa, haya ta tashi, 'yan gari masu ƙuri'a su fusata, gwamnati ta janye tabarmar da ta shimfiɗa da hannunta.

Fotugal ta nuna wannan daga farko har ƙarshe. A 2009 ta fito da tsarin da ya ba baƙo damar cin fanshonsa shekara goma ba haraji. A 2020 ta sa masa kashi 10 cikin ɗari. A Oktoban 2023, bayan malamai da ma'aikatan jinya sun kasa kama haya a Lisbon, Firaminista António Costa ya sanar da rufe tsarin ga sabbin masu zuwa, kuma a watan ne aka soke samun izinin zama ta hanyar sayen gida. Waɗanda suka riga suka shiga an bar su su cika goman nasu. To amma wanda ya zo yana da 65 zai faɗa cikakken haraji yana da 75, shekarun da ɗaure kaya da sake ƙaura ba wasa ba ne. Sifaniya ta rufe tata ƙofar ta masu sayen gida a Afrilun 2025. Malesiya kuwa a 2021 ta wayi gari ta ninka kuɗin shigar da take buƙata daga baƙo sau huɗu, daga ringgit 10,000 zuwa 40,000 a wata. Baƙo ba ya zaɓen gwamnatin ƙasa, don haka ba wanda ke shakkar ɓata masa.

Sai canji. Dala ɗaya da ke kawo peso 20 na Meziko a 2022 ta koma ƙasa da 17 a tsakiyar 2023, hayar da aka ƙulla da peso ta yi nauyi ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba. Turawan Ingila da ke Sifaniya sun ɗanɗana irinta da fam ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 cikin 'yan watanni ya san abin da ya sami ɗan fanshon da ke riƙe da ɗa a makaranta a Alƙahira.

Masu kare wannan ƙaura suna cewa dattawan na kawo kuɗi, ba sa ƙwace aikin kowa, kuma da yawansu sun samu rufin asirin da ya gagare su a gida. Akwai gaskiya a ciki. Panama, alal misali, da dala ake ciniki a cikinta, kuma fanshon dala 1,000 a wata ya isa a ba mutum izinin zama har da rangwame a magani da sufuri. Amma kuɗin da suke kawowa aljihun mai gida da dillali yake fara shiga, mai wanki da mai shara kuma su koma bayan gari suna hawa mota biyu kafin su iso aiki.

Inda lissafin ya fi rushewa shi ne jiki. Titunan Ajijic na duwatsu ne, abin sha'awa a hoto, azaba ga mai dogara sanda. Inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke ba tsofaffi ba ta bin mutum waje. Tailan na neman baht 800,000 a banki ko 65,000 a wata daga wanda ya kai shekara 50, kuma tun 2019 ta ɗora sharaɗin inshora a kan bizar da ake nema daga waje, inshorar da kuɗinta ke hawa tare da shekaru. Asibiti mai araha yana nan, amma mai kwana da majinyaci ba a sayen sa da sauƙi a garin da ba ka jin yarensa.

Akwai kuma wata doka ta Birtaniya da ya kamata namu su sani. Fanshon gwamnatinta yana ƙaruwa duk shekara ga wanda ke zaune a Turai, Amurka ko Filifin, amma yana daskarewa ga mazaunin Tailan, Kanada, Ostireliya da Najeriya. Likitan da ya ƙare aikinsa a Manchester ya dawo Kano yana murnar fam ɗinsa zai yi auki, adadin da aka biya shi a shekarar da ya sauka shi za a ci gaba da turo masa ko da ya kai casa'in.