Me ya sa saƙo ke isa amma kiran bidiyo ya ƙi shiga?

Ɗalibi a Kalgo, mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kan aika wa iyayensa a Gwandu saƙon WhatsApp ya isa nan take, amma kiran bidiyo ya ƙi shiga.

Ba kullum ne laifin sabis ba. Kowace na'ura mai intanet tana da ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65,535.

Rubutaccen saƙo yakan bi ƙofa 5222 ko 443. Ta biyun ce shafukan intanet ke bi, shi ya sa ba a cika rufe ta ba.

Murya da hoto kuwa sukan bi ƙofa 3478, wadda wasu ofisoshi da makarantu ke toshewa. A irin wannan hali, komawa kan datar layin waya kan warware matsalar.